Bindigar Katako a Bakin Fili: Shigar da Bai Kamata Gaya Ta Ɗauka Wasa Ba

A watan Nuwamba na 2022, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya a Ƙatar, masu gadin ƙofar filin wasa suka tare wasu magoya bayan Ingila da suka zo sanye da sulken kwaikwayo da farar riga mai jan gicciye a ƙirji, riƙe da takubba da garkuwoyi na roba. Shiga ce ta mayaƙan Salibiyya, waɗanda suka ci Ƙudus da yaƙi a shekarar 1099 suka yi wa mutanen cikinta kisan da har yau masu tarihi ba su daina ambato ba. Turawan sun daɗe suna wannan shigar a wasannin ƙasarsu ba wanda ya ce musu kanzil, shi ya sa suka ɗauki abin a matsayin takura. Kafin wasan Ingila da Amurka na ranar 25 ga watan, hukumar FIFA ta fito ta ce shigar tana iya zama cin fuska ga Musulmi a ƙasar Larabawa. Cacar bakin da ta biyo baya a jaridun Turai ta tsaya kan tambaya ɗaya: mene ne laifin takobin roba? Ina ganin mutumin Gaya, da ke zaune inda Nijar da Benin da Najeriya suka haɗa kafaɗa, ya fi ɗan jaridar Landan abin da zai amsa wannan tambaya da shi, kuma yana da dalilin amsa ta tun da wuri.

Dalilin shi ne, yau ba abin da ɗan kallo zai saka a Madrid ko Kasablanka da ba zai iso gidan kallon ƙwallo na Gaya a daren ba, gobe kuma ya bazu a wayoyi. Matasan da ke raba dare kan Barcelona da Real Madrid, ko Arsenal da Chelsea, su ne ke shirya gasar unguwanni a lokacin babban hutu, su ne ke cika bakin fili da ganga da tuta, su ne ke kewaya gari a kan babura idan an ci kofi. Abin da suka gani ya burge su za su kwaikwaya da abin da ke hannunsu: fenti, gawayi, kwali, tsohuwar rigar soja ta gwanjo, katakon da kafinta zai fere ya zama kalashi cikin rabin awa. Ra'ayina shi ne ɗan kallo ya yi duk shigar da ya ga dama, komai ban dariyarta, komai hayaniyarta, in dai ba ta kwaikwayi ta'asar da mutanen wurin ke cikinta a yanzu ba, kuma ba ta nuna wani takamaiman mutum ko gari da yatsa ta ce ga wanda za a kashe ba. Bindigar katako da rufe fuska da kakin soja sun faɗi a ma'auni na farko. Makarar abokin hamayya da mutum-mutuminsa a rataye sun faɗi a na biyu. Kuma masu shirya wasa ne ya kamata su kawar da su da kansu, tun kafin jandarma ya yi musu aikin da irin nasa hannun.

A duba inda Gaya take. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli na 2023 aka toshe gadar da ta haɗa ta da garin Malanbil na Benin, fatake da 'yan uwan juna suka koma ƙetare kogi a kwalekwale. A watan Nuwamba na 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a jihar Kebbi, jihar da Kamba take cikinta, Kamban da mutanen Gaya ke ci kasuwarta. A watan Disamba na wannan shekarar hukumomin Nijar suka ba da sanarwar an kai wa bututun man da ke tafiya gaɓar tekun Benin hari a yankin Gaya, abin da ya jawo musayar zargi tsakanin Yamai da Abuja. A ranar 17 ga Afrilu na 2025 gwamnatin Benin ta rasa sojoji 54 a gandun dajin W, cikin lardin Alibori, lardin da Malanbil take. Mutumin da ya naɗe fuska ya rataya kalashi ya hau babur, a wannan yanki, wani ne da ake jin labarinsa da safe a yi ta'aziyyarsa da yamma. A cikin taron da ke kallon ƙwallo akwai wanda ya baro ƙauyensu saboda shi, akwai wadda ɗanta soja ne a bakin daga, akwai direban da ya taɓa kwana a daji don gudun haɗuwa da shi. Baturen da ya sa rigar Salibiyya yana iya fakewa da cewa abin ya wuce da shekara ɗari tara. Saurayin da ya yi shigar ɗan bindiga a bakin filin Gaya ba shi da wannan mafakar, domin abin da yake kwaikwayo yana nan bayan gari.

Ba ɓacin rai ne kaɗai abin gudu ba. Taron 'yan kallon ƙwallo a ƙasashenmu ya sha zama abin hari da gaske. An tayar da bam a wurin kallo a Damaturu a watan Yuni na 2014 ana wasan Brazil da Meziko, aka kuma kashe mutum 30 a wani wurin kallo a Konduga a watan Yuni na 2019. Jama'ar da ta san wannan tana zaune ne da kunne a buɗe, kuma abin da ya fi kisa a filin ƙwallo turmutsutsu ne. A birnin Turin na Italiya, ranar 3 ga Yuni na 2017, dubban magoya bayan Juventus na kallon wasan ƙarshe na zakarun Turai a babban allo sai jita-jitar hari ta ratsa su, mutum sama da 1,500 suka jikkata wajen gudu, alhali ba bam ba bindiga. A N'Zerekore ta ƙasar Gini, ranar 1 ga Disamba na 2024, gardama kan hukuncin alƙalin wasa ta zama jifa, jifa ta jawo barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofa, gwamnati ta ƙirga gawa 56. To a haɗa waɗannan: magariba ta kawo jiki, wani ya fasa abin ƙara don murnar ƙwallo, wani can gefe ya ɗaga bindigar katako da aka shafa wa baƙin fenti, wata murya ta ce ga su nan. Babu wanda zai tsaya tantance katako da ƙarfe. Jami'in tsaron da aka turo gadin fili, wanda ya san abin da ya sami abokan aikinsa a daji, shi ma ba zai tsaya ba, kuma zai yi wuya a ga laifinsa.

Ƙalubale mafi ƙarfi da za a kawo wa wannan ra'ayi daga cikin gida zai fito. Za a ce ai mu mutanen takobi ne. Dawakin Zarmakoyin Dosso, da lifidi da masu da kwalkwali, suna cikin abin da ƙasar Nijar ke alfahari da shi a duk wani babban biki. Babbar kyautar kokawar gargajiya, wasan da ya fi kowane wasa farin jini a ƙasar, takobi ce, tun gasar farko da aka yi a Tawa a 1975, kuma jihar Dosso ta san daɗinta, domin Issaka Issaka ya ɗauko mata ita har sau shida. 'Yan tauri suna goga wuƙa a ciki a bainar jama'a, mafarauta suna fita da bindigar toka da gatari, ɗan dambe yana naɗe hannu ya kira shi mashi, ya kuma ce ya kashe abokin karawarsa idan ya kai shi ƙasa. Idan duk wannan al'ada ce abar yabo, don me za a ce bindigar katakon yaro ce ta zama ɓarna? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma wanda ya amsa ta da cewa duk makami a wasa haramun ne ya rusa rabin gargajiyarmu ba tare da ya sani ba.

Amsar tana cikin yadda magabata suka tsare waɗannan wasanni. Kowanne yana da mai shi. 'Yan tauri suna da sarkinsu, mafarauta suna da nasu, dambe yana da sarkin fawa da masu raba faɗa, hawan salla yana da tsarin wanda zai wuce gaban wane. An san mai riƙe da makamin, an san gidansu, an san wanda za a kai wa ƙara idan ya wuce gona da iri. Fuskarsa a buɗe take, domin shi suna yake nema, makaɗi ma sunansa da na ubansa yake kira. Ɗan tauri a jikinsa yake goga wuƙar. Mahayin da ya sako doki a guje ya ɗaga mashi a gaban sarki jinjina yake yi. Takobin kokawa kuwa sai an gama karawa ake miƙa ta, hannu biyu, a gaban wanda aka kayar, wanda sau da yawa shi ne farkon mai rungumar zakaran. Addini ma a nan ya ja layi. Ya tabbata a manyan littattafan hadisi cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar idi, Annabi (SAW) bai hana su ba, har Nana A'isha ta kalla. Ya kuma tabbata cewa ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya hana razana Musulmi, ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya kame tsininsu. Kenan wasan gwaninta da makami abu ne daban, nuna wa mutum makami don ya ji tsoro abu ne daban. Bindigar katako a bakin fili ba ta da wata gwaninta da take nunawa. Aikinta ɗaya ne: a saita ta ga 'yan ɗaya ɓangaren a yi kamar an harba.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan wasa ya kuɓuce wa mai shi. A Kano, daga cikin farauta da tauri daba ta samo kayan aikinta da kirarinta, ta bar ladabin a baya. Tashe, wasan yara na watan azumi da ba wanda bai yi ba, ya kai ga 'yan sandan jihar sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan, domin masu ƙwacen waya da 'yan daba sun gano cewa babu mafaka kamar taron da kowa ya sauya kama. Asarar ta faɗa kan yaran da ba su ji ba ba su gani ba. A Damagaram, fim ɗin da Aisha Macky ta fitar a 2021 kan unguwar Kara-Kara ya nuna wata ƙungiyar matasa da ta laƙaba wa kanta sunan Hitler tana yawo da tutarsa a kan babur, ba don sun karanci aƙidarsa ba, sai don sun ji an ce sunan na ban tsoro ne. Haka alamar ta'addanci ke shigowa: ana aro ta don ado da burga, ba a tambayi abin da ke cikinta ba, sannan a hankali masu ita su fara jin dole su yi abin da zai dace da ita. Wasa farin girki, in ji masu magana.

Za a kuma ce ƙwallon kanta cike take da irin waɗannan alamu. Tambarin Arsenal igwa ce, domin ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa ta a 1886. Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu ƙoƙon kai da ƙasusuwa take ɗauke da su. A gasar Nijar kuwa, manyan kulob da yawa na masu kaki ne: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, USGN ta jandarmomi, da na 'yan sanda da na duwan. Gaskiya ne, kuma ba na neman a kankare igwa daga rigar kowa. Igwar Arsenal ta shekara fiye da ɗari tana tsufa a kan tambari har ta zama kamar hatimin kamfani. Ba wanda ya ga yaro da jar riga a tashar Gaya ya ji gabansa ya faɗi. Mai goyon bayan AS FAN yana da launin kulob ɗinsa da rigarsa da tutarsa, sun ishe shi. Kakin soja a jikin farar hula kuwa wata magana ce, domin a wannan yanki 'yan bindiga sun sha sanya shi don su yaudari mutanen ƙauye, kuma a Najeriya doka ta hana shi, rundunar soja ta sha jan kunne a kai. Saurayin da ya saba da shi a filin Gaya, ranar da ya bi ƙungiyarsu Kamba da shi zai gane kurensa.

Nau'i na biyu, wanda ke nuna mutum da yatsa, shi ya fi muni, ko da babu makami a hannun kowa. A watan Janairu na 2015 magoya bayan Standard Liège a Beljiyam suka baza ƙaton ƙyalle mai hoton wani mai rufaffiyar fuska riƙe da takobi a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma yankakken kan Steven Defour, tsohon kyaftin ɗinsu da ya koma Anderlecht. A lokacin ne 'yan IS ke yaɗa bidiyon yankan mutane, kuma Defour yana cikin fili yana kallon kansa a hannun mahauci. Ba a ƙare wasan da shi ba, an kore shi bayan ya buga ƙwallo cikin 'yan kallo. A watan Janairu na 2023 aka wayi gari an rataye mutum-mutumi sanye da rigar Vinicius Junior a wata gada kusa da filin atisayen Real Madrid, kotu ta yanke wa mutum huɗu hukuncin ɗauri a kan haka a 2025. Namu salon a Afirka ta Yamma shi ne akwatin gawa da aka lulluɓe da tutar abokan hamayya ana zagaya fili da shi. A garin Musulmi, inda makara ɗaya ke jingine a bangon masallaci tana jiran kowa, inda mutum ke tashi tsaye idan an wuce da ita, ɗaukar kwaikwayonta da sunan wata unguwa ko wata ƙasa fata ne na mutuwa da aka yi a bainar jama'a. A Gaya kuma abokin hamayyar ba baƙo ba ne daga wata nahiya. Dandawan Malanbil da na Gaya da na Kamba dangi ne, aure ya haɗa su, kasuwa ta haɗa su. A lokacin da gwamnatoci uku ke jifan juna da zargi, makarar da aka lulluɓe da tutar Benin ko ta Najeriya ba za ta tsaya a fili ba. Wani zai ɗauke ta a waya, kafin dare ta ƙetare kogi da wata fassara.

Mai son hujja zai ce a nuna masa inda riga ta taɓa sa mutum ya yi duka. A nan ya kamata a yi adalci: yawancin masu irin wannan shigar suna komawa gida lafiya ba su taɓa kowa ba, kuma manyan rigingimun filayenmu, kamar na Abuja a watan Maris na 2022 bayan Ghana ta hana Najeriya zuwa kofin duniya, masu kayan gida ne suka yi su. Amma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wannan sawu. A 1967 Leonard Berkowitz da Anthony LePage suka nuna cewa mutumin da aka riga aka fusata yana ƙara tsanani idan akwai bindiga a gabansa, ko da ba tasa ba ce. A 1973 Robert Watson ya duba bayanan al'ummomi 23 ya ga cewa waɗanda mayaƙansu ke sauya kama da fenti ko abin rufe fuska kafin yaƙi sun fi yawan azabtarwa da yi wa gawa wulaƙanci. Ana gardama kan girman wannan tasiri har yau, ni ma ba zan ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Sai dai sharaɗin da binciken farko ya gindaya, wato fushin da ya riga ya taso, shi ne ainihin halin ɗan kallon da aka ci ƙungiyarsa da bugun fanareti a minti na 90. Ɓangaren rufe fuska kuwa bai ma buƙatar jami'a. Abin da ke riƙe saurayi a gari irin Gaya shi ne an san shi, kawunsa na cikin taro, labari zai riga shi isa gida. Ranar da ya rufe fuska ya kwance wannan linzami. Masu cewa irin wannan shiga hanya ce ta huce haushi ba tare da an taɓa kowa ba su faɗa mana me ya hana ganga da ihu da rawa hucewar.

Akwai kuma masu ganin dole sai an firgita abokin hamayya kafin a ci shi. Tarihin Nijar da Benin ya ƙaryata su. Ƙungiyar Nijar sunan barewa take ɗauke da shi, Mena, dabbar da ba ta da abin faɗa sai gudu, amma ita ce ta doke Masar da ci ɗaya a Yamai a watan Oktoba na 2010, da ƙafar Musa Maazu, a lokacin da Masar ke riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, ta kuma wuce gasar 2012 ta bar Masar da Afirka ta Kudu a gida. Benin ta yi shekaru ana kiranta Kurege, har hukumominta suka ga sunan ba ya ba kowa tsoro suka sauya shi a 2022 zuwa na rabbi, ɗan'uwan damisar nan mai gudun tsiya da ya rage a dazukan W da Penjari. Amma da sunan kuregen ta fitar da Maroko a 2019 ta kai zagayen 'yan takwas. (Abin dariya, Bajamushe ɗaya, Gernot Rohr, ya horar da Nijar da Najeriya da Benin, wanda ya isa ya tuna wa mai zafin kai cewa wannan gaba ta minti casa'in ce.) Ɗan wasa ba ya tsoron katako. Abin da ke karya masa gwiwa shi ne fili ya cika ya ɗauki murya ɗaya ba ƙaƙƙautawa.

Kuma ba mu rasa abin da za mu sa a gurbin ba. Nijar tana da wasan barkwanci, wanda UNESCO ta shigar cikin gadon al'adun duniya a 2014: Bazabarme da Bagobiri, Bafulatani da Ba'are ko Babarbare, kowa ya kira ɗan'uwansa bawansa, ya yi masa tsiya son ransa, da sharaɗin ba fushi ba jini. Wannan fasaha ce ta cin mutuncin abokin hamayya ba tare da an yi masa fatan mutuwa ba, kuma filin ƙwallo ya fi ko'ina dacewa da ita. A waje ma shigar da duniya ta fi tunawa ba ta makami ba ce. Magoya bayan Senegal da ke shafe jiki da fenti, kowa da harafi ɗaya na sunan ƙasar a ƙirji, an san su a kowace gasa. Hular makarapa ta Afirka ta Kudu ta samo asali ne a 1979, lokacin da Alfred Baloyi, mai goyon bayan Kaizer Chiefs, ya fara sa hular ma'aikatan haƙar ma'adinai don kare kai daga kwalaben da ake jifa, sannan ya sassaƙa ta ya yi mata ado. A gasar kofin Afirka da aka yi a Maroko daga ƙarshen 2025, ɗan kallon da ya fi jan hankali wani ɗan Kongo ne da ke tsayawa cak tun daga farkon wasa har ƙarshe, cikin kwat da tabarau, hannu a ɗage, yana kwaikwayon mutum-mutumin Patrice Lumumba. Lumumba kashe shi aka yi a 1961, kisa mai muni, amma mutumin ya tuna wa nahiya da shi ba tare da ɗigon jan fenti ba.

Ƙalubalen da na fi ɗauka da nauyi shi ne na masu tsoron kada wannan magana ta zama sabuwar sandar dukan talaka. Matashin Gaya da rufe gada ya kashe wa dako da kabu-kabu da ƙaramin fatauci ba shi da sauran nishaɗi mai arha sai ƙwallo, kuma ba ya buƙatar ƙarin dalilin da za a tare shi a hanya. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Rawani da amawali tufafin mutane ne na yau da kullum, Buzu da Bafulatani da dattijon Bahaushe duk suna naɗawa, mai babur ma yana rufe hanci saboda ƙurar hunturu. Idan aka ce kawai an hana rufe fuska, aka miƙa wa jami'in tsaro aiwatarwa, ba a jima ba za a ga wanda ake tarewa a ƙofa shi ne makiyayin da ya shigo gari kallo, a yankin da zargin ƙabila ya riga ya yi ɓarna. Saboda haka ne nake cewa kada a jira doka daga Dosso ko Yamai. Mutanen gari sun san bambancin mai rawaninsa na kullum da yaron unguwa da ya naɗe fuska yau kaɗai ya rataya katako. Jami'in da aka kawo daga wata jiha bai sani ba.

Masu shirya gasa, da shugabannin fadojin matasa, da masu gidajen kallo, da attajirin da ya sa kofi da kuɗinsa, su ke da wuƙa da nama. A rubuta a takardar shiga gasa, kusa da kuɗin rajista, cewa ba kwaikwayon bindiga ko adda, ba kakin jami'an tsaro, ba makara ko mutum-mutumin wani, kuma shugaban magoya bayan kowace ƙungiya shi zai tsaya a ƙofa ya tace nasa mutanen. Hukuncin kuma ya hau kan ƙungiya, domin tarar kuɗi wani mai hali zai biya a manta, maki kuwa ba mai saya wa kowa. Kano Pillars ta ɗanɗana wannan: an rage mata maki a 2022 bayan an farfasa motar Katsina United, ta kuma faɗa ƙaramin rukuni a ƙarshen kakar, sannan a watan Oktoba na 2025 aka sake rage mata maki aka rufe mata filin Sani Abacha bayan magoya baya sun afka wa alƙalan wasa da 'yan Shooting Stars. Idan 'yan unguwa suka san katakon yaro ɗaya zai ci musu maki uku a gasar da suka tara kuɗinta da sefa ɗari-ɗari, su za su karɓe shi daga hannunsa tun a bakin lungu, kafin ya iso inda jandarma yake.